Satar Jirgin Ƙasa a Jojiya da Abin da Tsofaffin Finafinan Hollywood Suka Ƙi Nunawa

Da safiyar Asabar, 12 ga Afrilun 1862, jirgin fasinja da ya taso daga Atlanta ya tsaya a wata 'yar tasha mai suna Big Shanty, a jihar Jojiya ta Amurka, domin mutane su karya kumallo. Direba da kwandasta da fasinjoji suka nufi otal ɗin da ke bakin layi. Wasu mutum wajen ashirin da suka hau jirgin a garin Marietta ba su bi su ba. Suka sulale ta ɗaya gefen, aka zare ƙarfen da ya ɗaure taragan fasinja, akasarinsu suka faɗa cikin taragan kaya uku da ke manne da kan jirgin, aka buɗe tururi. Kafin masu cin abinci su ɗago kai, kan jirgin nan da ake kira General ya miƙe ya yi arewa, a kan idon sansanin sojojin Kudu da ke daf da tashar, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka.

Wannan sata, wadda ba ta wuce rabin yini ba, ita ta haifi finafinai biyu da har yau ake kallo: The General na Buster Keaton, da aka ɗauka a 1926, da The Great Locomotive Chase na kamfanin Disney, na 1956. Layin dogo ɗaya, kan jirgi ɗaya, rana ɗaya. Amma a na farko jarumin shi ne wanda aka sace wa jirgi, a na biyu kuwa shugaban ɓarayin jirgin ne jarumi. Duk da wannan saɓani, su biyun da sauran 'yan uwansu da aka gina a kan hare-haren yaƙin basasar Amurka sun haɗu a wuri guda. Sun ƙware wajen nuna yadda ake kai hari, sun kuma kame bakinsu a kan abin da ya sa ake yaƙin tun farko.

Abin da ya sa ake yaƙin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Bayan an zaɓi Abraham Lincoln a 1860, jihohi goma sha ɗaya na Kudu suka ɓalle daga tarayya. Ƙidayar jama'a ta wannan shekara ta nuna akwai bayi baƙar fata kusan miliyan huɗu a ƙasar, kuma a Jojiya kaɗai kusan kashi 44 cikin ɗari na mutanen jihar bayi ne. Takardar da Jojiya ta fitar don bayyana dalilin ɓallewarta a 1861, da batun bauta ta buɗe. Aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, mutum sama da dubu ɗari shida suka mutu.

A irin wannan yaƙi layin dogo shi ne jijiya. Layin Western and Atlantic, mallakin gwamnatin Jojiya, shi ya haɗa Atlanta da Chattanooga, tafiyar kilomita kusan 220, kuma ta nan ake kai wa sojojin 'yan aware abinci da albarusai da ƙarin dakaru. Janar Ormsby Mitchel na rundunar Tarayya, wato ɓangaren Arewa, yana shirin kama Huntsville a jihar Alabama, daga nan ya juyo kan Chattanooga. Sai wani farar hula ɗan leƙen asiri, James Andrews, wanda ya saba shiga Kudu da sunan fatauci, ya kawo shawara: a ba shi 'yan sa-kai, su shiga Jojiya cikin kayan gida, su saci jirgi, su bi layin suna ƙona gadoji suna tsinke wayar tangaraho, yadda idan Mitchel ya iso Chattanooga ba za a iya kawo mata ɗauki daga Atlanta ba. Aka ba shi sojoji daga rundunonin jihar Ohio. Big Shanty kuma an zaɓe ta ne saboda ba ta da ofishin tangaraho, ba mai iya buga waya gaba a tare su.

Ruwan sama ne ya fara rusa shirin. An tsara kai harin ranar 11 ga wata, amma Andrews ya ga yadda ake tafka ruwa, ya ɗauka lallai taɓo zai jinkirta Mitchel, sai ya ɗaga da kwana ɗaya. Mitchel bai jinkirta ba, ya kama Huntsville a ranar da aka yi alkawari. Labari ya isa Chattanooga, hankali ya tashi, aka shiga loda kaya a jirage ana turo su kudu. Layin kuwa ƙwaya ɗaya ne, irin tsohon layinmu na Kano zuwa Legas, inda dole jirgi ya laɓe a tasha ya jira mai tahowa ya wuce. Haka Andrews ya maƙale a tashar Kingston sama da awa ɗaya, mutanensa na ƙunshe cikin tarago ba su isa su yi tari ba, shi kuma yana tsaye a waje yana shirga wa ma'aikatan tasha cewa albarushi ne yake gaggawar kai wa Janar Beauregard na 'yan aware.

Wannan awa ita ta ba William Fuller dama. Shi ne kwandastan jirgin da aka sace, kuma da ya ga abin da ya faru, da ƙafa ya bi layin a guje, shi da direban jirgin Jeff Cain da wani shugaban makanikai Anthony Murphy. Suka samu ƙaramin keken ma'aikatan gyaran layi suka riƙa turawa, suka samu wani tsohon kan jirgi mai suna Yonah a Etowah, suka sauya wani a Kingston, aka tarar an cire ƙarfen layi suka sake sauka suka ci gaba da ƙafa, har suka tare wani jirgin kaya mai tahowa daga arewa. Kan wannan jirgin shi ne Texas, kuma ba wurin juya shi, sai suka bi su Andrews da baya da baya. Maharan suka riƙa jefo katakon layi a kan hanya, suka kwance tarago suka bar shi, Texas ya tura shi gefe ya wuce. Ba su da kayan aikin cire ƙarfen layi na kirki, sai wani ƙarfen ɓanɓara da suka aro daga hannun ma'aikata a hanya. Itacen gadoji ya jiƙe sharkaf, wuta ta ƙi kamawa. Fuller ya ɗauki wani yaro mai buga tangaraho a hanya ya sauke shi a Dalton, saƙon ya kai Chattanooga kafin a tsinke wayar. Bayan gudun kilomita kusan 140, kaɗan arewa da Ringgold, itace ya ƙare, tururi ya mutu, General ya tsaya. Andrews ya ce kowa ya yi ta kansa.

Ba gada ko ɗaya da ta ƙone. Cikin 'yan kwanaki aka gyara layin, cikin mako biyu aka kame su duka. Tun da a kayan gida aka same su, hukuncin ɗan leƙen asiri ya hau kansu. A Chattanooga an jefa su wani kurkukun ƙarƙashin ƙasa da aka saba tsare bayin da suka gudu. An rataye Andrews a Atlanta ranar 7 ga Yunin 1862, aka rataye wasu bakwai ranar 18 ga watan. Igiyar mutum biyu ta tsinke, aka ɗaga su aka sake rataye su. Takwas sun fasa gidan yari sun tsere a watan Oktoba, sauran shida aka yi musayar fursunoni da su a Maris na 1863. Waɗannan shidan su ne mutanen farko da aka ba lambar jarumta mafi girma ta sojan Amurka, ranar 25 ga Maris, kuma na farkonsu Jacob Parrott ne, saurayin da aka yi wa bulala sama da ɗari don ya tona asirin 'yan uwansa ya ƙi. Andrews bai samu lambar ba saboda shi ba soja ba ne. Biyu daga cikin waɗanda aka rataye, Philip Shadrach da George Wilson, sai a Yulin 2024 Shugaba Joe Biden ya miƙa wa danginsu tasu.

To me Keaton ya yi da wannan labari? Littafin da ya dogara da shi na William Pittenger ne, ɗaya daga cikin maharan, wato daga bakin 'yan Arewa aka ji labarin. Keaton ya kifar da shi. Ya fito a matsayin Johnnie Gray, direban jirgi ɗan Kudu mai son abu biyu a duniya, kan jirginsa da budurwarsa Annabelle. An ƙi ɗaukarsa soja saboda ya fi amfani a kan jirgi, ba wanda ya gaya masa dalili, budurwar ta ɗauka tsoro ne ya hana shi. Sai 'yan leƙen asirin Arewa suka sace jirgin da yarinyar a ciki, ya bi su shi kaɗai. Ana ruwaito cewa Keaton ya ce 'yan kallo za su yarda a mai da ɗan Arewa mugu, amma ba za su yarda a yi wa ɗan Kudu haka ba. A lissafinsa na mai barkwanci, wanda aka ci da yaƙi shi ne mai jan tausayi.

Ta fuskar sana'a, ba ni da abin cewa sai yabo. Fim ne maras magana, amma ko yaro ya zauna gabansa ba ya buƙatar mai fassara. Akwai inda Johnnie ya zauna a kan sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafafun jirgi, zuciyarsa a karye, jirgin ya fara tafiya yana ɗaga shi sama yana sauke shi, shi bai ma lura ba. Akwai inda yake zaune a goshin jirgi rungume da wani gungumen katako, ga wani a gicciye kan layi, ya jefa na hannunsa ya bugi ƙarshen wancan, duka biyun suka yi tsalle suka bar hanya. Jirgi na gaske ne, yana tafiya da gaske, kuma shi da kansa ya yi, ba wani ya shigar masa ba. An ɗauki fim ɗin a Cottage Grove a jihar Oregon, domin can ne aka samu tsofaffin layukan masu yankan katako. Masu riƙe da ainihin General sun hana shi aro da suka ji wasan dariya za a yi. Aka kawo sojojin jihar Oregon wajen ɗari biyar, su sa shuɗin kaya su wuce a matsayin 'yan Arewa, su sauya zuwa ruwan toka su dawo a matsayin 'yan Kudu. A ƙarshe ya sa aka tura kan jirgi na gaske kan gada mai ci da wuta, ta rufta da shi cikin kogin Row. Ana ƙiyasta wannan fitowa guda ta ci dala 42,000, kuma ɓaraguzan sun zauna a kogin har lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan aka kwashe su a matsayin ƙarfen gwangwan.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba a zamaninsa, kuma yana cikin abin da ya jawo Keaton ya rasa 'yancin yin fim yadda ya ga dama, ya koma ƙarƙashin kamfanin MGM a 1928. Daga baya aka gane darajarsa, har ya shiga cikin finafinai 25 na farko da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya ware don adanawa a 1989. Kyawun nan nasa shi ne ya sa shirunsa ke da nauyi. Ka zauna sama da awa ɗaya kana addu'ar Allah ya ba Johnnie sa'a, ka yi murna da aka ba shi muƙamin laftana a rundunar 'yan aware, ba tare da an taɓa tuna maka me rundunar ke karewa ba. A Jojiyar da kusan rabin mutanenta bayi ne, da kyar za ka hango baƙar fata ko a gefen hoto. Rataya kuwa babu ita sam, domin rabin fim ɗin na biyu ƙirƙira ce zalla: Johnnie ya ƙwato jirginsa ya dawo, 'yan Kudu suka ci yaƙi a bakin kogi.

Walt Disney mutum ne mai son jirgin ƙasa har ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a bayan gidansa, kuma fim ɗinsa ya fi na Keaton bin diddigin abin da ya faru nesa ba kusa ba. An je arewacin Jojiya an ɗauka a kan layin Tallulah Falls, aka aro tsofaffin kawunan jirgi na ƙarni na 19, aka ba Fess Parker matsayin Andrews, Jeffrey Hunter ya fito a Fuller. Jiran Kingston yana nan, Texas mai tafiya da baya yana nan, kamun da gidan yarin suna nan. Amma dubi yadda aka rufe. Kafin a kashe Andrews, Fuller ya zo ya same shi a kurkuku, Andrews ya ce masa shi ba zai ga ranar da ɓangarorin biyu za su yi musabaha ba, ko za su yi tasu yanzu? Suka gaisa. Ba a nuna igiya ba.

Wannan musabaha tana da tarihi. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 fararen Arewa da na Kudu suka sasanta a kan wani labari mai daɗin ji: kowane ɓangare ya yi jarumta, kowa ya kare abin da ya yi imani da shi, a bar tone-tone. A 1913, da aka cika shekara hamsin da gumurzun Gettysburg, artabu mafi muni a yaƙin, tsofaffin sojoji sama da dubu hamsin suka taru a filin, aka ɗauki hotonsu suna miƙa wa juna hannu ta saman katangar dutse. Sulhu abu ne mai kyau, ba mai musun haka. Sai dai wannan sulhun an yi shi ne a kan gadon bayan mutanen da aka yi yaƙin a kansu, a daidai lokacin da jihohin Kudu ke ƙwace musu ƙuri'a suna ware su a makaranta da mota da asibiti. Shekarar da Disney ya saki fim ɗinsa, 1956, baƙaƙen birnin Montgomery a jihar Alabama na tsaka da ƙaurace wa motocin safa, kuma a wannan shekarar ce majalisar Jojiya ta saka alamar tutar yaƙin 'yan aware a cikin tutar jihar.

Akwai kuma dalili na aljihu. Gidajen sinima na Kudu kasuwa ce babba, kuma suna da masu tace fim da ba sa wasa. Lloyd Binford na birnin Memphis, wanda ya riƙe hukumar tace finafinai daga 1928 zuwa 1955, ya sha datse fitowar mawaƙa baƙar fata daga finafinai, ya kuma hana nuna wani fim a 1947 saboda an ga yara farare da baƙaƙe a aji ɗaya. Furodusan da ke son kuɗinsa su dawo ya san iyakarsa. A nan labarin hari ya zame musu mafita. Hari yana da mafari da maƙasudi da gudu da ƙarshe, mutanensa 'yan kaɗan ne da ɗan kallo zai riƙe fuskokinsu, lokacinsa a ƙidaye yake. Tambayar da ke riƙe da kai a kujera ita ce za su kai ko ba za su kai ba, kuma muddin ana gudu ba mai tsayawa ya tambayi abin da ya haɗa faɗan.

Fim ɗin da ya fi kusantar taɓa batun, sannan ya janye hannu, shi ne The Horse Soldiers na John Ford, 1959. Masu tuna zamanin finafinan kaboyi a gidajen sinima sun san John Wayne, kuma shi ne jarumin, tare da William Holden a matsayin likitan soja da ba sa ga maciji da juna. Tushensa harin Kanal Benjamin Grierson na rundunar Tarayya ne, wanda ya tashi daga La Grange a jihar Tennessee ranar 17 ga Afrilun 1863 da mahaya 1,700, ya ratsa jihar Misisipi daga sama har ƙasa, ya ɓulla Baton Rouge ranar 2 ga Mayu, tafiyar kilomita kusan 960 cikin kwana goma sha shida. Wannan harin, saɓanin na Andrews, ya ci nasara. Ya lalata layin dogo da jirage a Newton Station, ya riƙa tura ƙananan ƙungiyoyi nan da can don rikita masu binsa, hankalin Janar Pemberton na 'yan aware ya rabu, Janar Grant na Tarayya ya samu ya ƙetare kogin Misisipi a ƙarshen Afrilu. Vicksburg, tungar 'yan aware a bakin kogin, ta faɗi ranar 4 ga Yuli.

Ainihin Grierson malamin kiɗa ne daga jihar Illinois, wanda doki ya taɓa harbinsa a fuska yana yaro har ya tashi yana tsoron dawaki. Dabararsa ita ce kauce wa faɗa, kuma bisa rahotonsa mutum uku kacal aka kashe masa. Fim ya mai da shi Kanal Marlowe, tsohon mai gina layin dogo da aka tura ya rushe abin da ya ƙware a kai, aka ƙago babban artabu a tsakiyar titin Newton Station, aka kuma aro labarin yaran makarantar soja da suka fita fagen daga, abin da ya faru a wani wuri dabam, a New Market ta jihar Bajiniya a 1864. Duk wannan ƙarin gishiri ne da ake iya yafewa, fim ba littafin tarihi ba ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Lukey. Ita ce baƙar fata ɗaya da ke da matsayi na kirki a fim ɗin, baiwar wata 'yar gidan gona ce, kuma an nuna ta tare da uwargijiyarta sun kasa kunne a bututun murhu suna satar jin shirin sojojin da suka zo yaƙar masu bautar da ita. Ta bi uwargijiyar har aka harbe ta a hanya. Wadda ta fito a wannan matsayi ita ce Althea Gibson, zakarar tanis da ta ci gasar Wimbledon a 1957 da 1958, kuma ta ƙi yarda ta yi magana da gurɓataccen Turancin da aka rubuta mata sai da aka gyara. A zahiri kuwa, ɗaruruwan bayi ne suka bar gonaki suka bi ayarin Grierson zuwa Baton Rouge. Shi kansa bayan yaƙi ya karɓi jagorancin runduna ta 10 ta mahaya, ta sojoji baƙar fata, a lokacin da hafsoshi farare da yawa ke gudun irin wannan aiki. Ƙarshen fim ɗin ya zo a gaggauce, saboda wani mai shigar wa jarumai a fitowa mai haɗari, Fred Kennedy, ya faɗo daga doki ya mutu ana cikin ɗauka, abin ya karya wa Ford zuciya.

Sauran finafinan wannan layi hanya ɗaya suka bi. The Raid na 1954 ya ɗauko harin St. Albans na 19 ga Oktoban 1864, inda 'yan aware wajen ashirin suka tsallako daga Kanada suka fasa bankuna uku a jihar Vermont, suka kwashi dala 208,000. Sun so ƙona garin amma rumfa ɗaya kawai ta kama, a fim kuwa wuta ta ci sosai, kuma an ba jagoran maharan zuciya mai taushi da soyayyar wata bazawara. Alvarez Kelly na 1966 ya mai da korar shanu kusan 2,500 da Janar Wade Hampton na 'yan aware ya yi daga bayan rundunar Grant a Satumban 1864 labarin kaboyi. Mafi muni shi ne Dark Command na 1940. Ranar 21 ga Agustan 1863 William Quantrill, jagoran wasu 'yan sari-ka-noƙe na Kudu, ya auka wa Lawrence a jihar Kansas, garin da ya yi suna wajen adawa da bauta, aka kashe maza da yara maza wajen 150, akasarinsu ba makami a hannunsu. A fim an sauya masa suna zuwa Cantrell, an gargaɗi mutanen gari a kan lokaci, suka tare shi, aka kashe shi a nan. Quantrill na gaskiya ya fita lafiya, sai a 1865 ya mutu a Kentucky.

Akwai wani hari da ya cika duk sharaɗin da darakta ke nema, dare da kogi da nakiyoyi da 'yan leƙen asiri da ceto, amma Hollywood ta wancan zamani ba ta kalle shi ba. Daren 1 ga Yunin 1863, wata ɗaya bayan Grierson ya isa Baton Rouge, jiragen ruwa uku suka tashi daga Beaufort a jihar Karolina ta Kudu suka nufi kogin Combahee, ɗauke da sojoji baƙar fata ƙarƙashin Kanal James Montgomery. Ɗaya ya kafe a yashi, biyu suka ci gaba. Mai nuna hanya Harriet Tubman ce, wadda ta tsere daga bauta a Maryland a 1849, kuma ita ta tara matuƙan kwale-kwale na yankin da suka san inda 'yan aware suka dasa nakiyoyi a ruwa. Da gari ya waye jiragen suka busa usur, mutane suka watsar da aikin gonakin shinkafa suka kwararo bakin kogi. Tubman ta ba da labarin wata mata da ta taho da tukunyar shinkafa a ka tana tururi, yara na riƙe da zanenta. Mutane suka rirriƙe kwale-kwalen da suka cika don tsoron kada a tafi a bar su, sai da ta ɗaga murya ta yi musu waƙa suka saki. An ƙona gidajen gona da rumbuna, aka fita da mutum sama da 700 a rana ɗaya, kuma da yawa daga cikin mazan suka shiga soja.

Kanal Montgomery ya taɓa fitowa a babban fim. A Glory na 1989 an nuna shi yana ba da umarnin ƙona garin Darien na Jojiya, abin da ya faru ranar 11 ga Yunin 1863, sojojinsa baƙaƙe na wawashe gidaje. An ƙona Darien da gaske, ba ƙarya aka yi masa ba, amma kwana tara ne kacal tsakaninsa da Combahee, kuma ɓarnar aka zaɓa aka bar ceton. Sai a 2019 harin Combahee ya samu shiga babban fim na sinima, a Harriet na darakta Kasi Lemmons, shi ma 'yar gajeriyar fitowa ce daf da ƙarshe. Tubman ta shafe shekara talatin da wani abu tana neman gwamnati ta biya ta haƙƙin aikin da ta yi wa soja, kuma a 1899 aka tsayar mata da dala 20 a wata. A Nuwamban 2024 rundunar tsaron jihar Maryland ta ba ta muƙamin birgediya janar, shekara 111 bayan rasuwarta.